Albarushi a Gidan Haya: Maharbin Birni da Haƙƙin Maƙwabci a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Kowace shekara, da zarar an kawar da amfanin gona hunturu ya kankama, akan ga motocin mafarauta suna fita daga Kano maƙare da matasa da karnuka da gorori, wasu kuma rataye da bindigar toka. Abin da ido ba ya gani shi ne daren da ya gabaci fitar. Bindigar toka ba ta cin harsashin kanti. Mai ita ne ke tanadar albarushinta, ya adana, ya auna, ya ɗura da hannunsa. Ga maharbin ƙauye, wurin yin wannan aiki ba abin damuwa ba ne. Amma wanda neman abinci ya kawo shi Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni, ya kama ɗaki guda a gidan haya, ba shi da ma'ajiyar da ta wuce ƙarƙashin gado ko bayan ƙyaure, bango ɗaya tsakaninsa da matar da ke hura gawayi.

Matsayin wannan rubutu shi ne, ɗan haya ba shi da hurumin ajiye albarushi ko sarrafa shi a ɗakin da ya kama, ko da yana da lasin bindiga, ko da kuma harbi gadonsa ne kaka da kakanni. Ba a faɗi haka don ƙasƙantar da sana'ar ba. Dalilin kawai shi ne, sana'ar ta yi ƙaura ta baro abubuwan da ke tsare ta a baya.

A zaman gargajiya, harbi sana'a ce ta gida. Maharbi yana zaune cikin danginsa, a gida mai fili, kayan aikinsa suna da ɗakinsu, kuma kowa a gidan ya tashi ya tarar da dokar wannan ɗaki. Yara ba sa shiga, mata ba sa taɓa kayan. Manazarta al'ada sun saba sanya irin wannan hani a babin camfi, wato tsoron karyewar asiri ko lalacewar magani. Haka ne, amma hanin yana da wata fuska da ba a cika dubawa ba: ya nisanta albarushi daga murhu, ya kuma nisanta shi daga hannun da bai san shi ba. Sama da maharbin kuma akwai Sarkin Baka ko Sarkin Dawa, wanda ya san kowane mai bindiga a yankinsa, yana kuma iya tsawata masa. Camfin da sarautar sun yi aikin da a yau ake jiran hukumar kashe gobara ta yi.

Gidan haya ya rushe wannan tsari gaba ɗaya. Ƙaramar Hukumar Tarauni tana da mutum sama da 220,000 a ƙidayar 2006, a faɗin ƙasar da bai wuce murabba'in kilomita 28 ba, kuma tun daga lokacin ƙaruwa ake yi. Lungunan da ke bayan Titin Kotu da Titin Gidan Zu cike suke da gidajen da ɗakuna ke kallon juna: ma'aikacin asibiti a nan, ɗalibi a can, direban Adaidaita Sahu a ɗakin ƙarshe. Tsakar gida ɗaya ce, a cikinta ake kunna risho da tukunyar gas, a nan janareta ke tartsatsi, a nan ake turaren wuta. Babu wanda ya gaji dokar ɗakin wani, domin babu wanda ya san abin da ke ciki. Ga shi kuma lokacin shirin farauta shi ne lokacin da iska ta bushe, ake kwana da garwashi a ɗaki, gobara ta fi yawa. Albarushi kuwa ƙyas ɗaya yake jira.

Wanda yake ganin an zuzuta maganar ya tuna da Bodija. A daren 16 ga Janairun 2024 wani abu ya fashe a wannan unguwa ta Ibadan, ya hallaka mutane, ya jikkata da dama, ya rushe gidajen da masu su ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Gwamnan Oyo, Seyi Makinde, ya danganta abin da nakiyoyin da masu haƙar ma'adinai suka ajiye a wani gida na zaman mutane. Tabbas kwalbar albarushin maharbi ba ta kai wannan ba. Sai dai gidajen Bodija suna da harabobi da katangu, ɗakunan haya kuwa rufi ɗaya suke ciki, kuma lungun da ya kai ga ƙofarsu sau da yawa motar kashe gobara ba ta iya ratsa shi.

Doka ta yi magana, amma rabin magana. Dokar Makamai ta 1959 ta sanya bindigar toka a rukuninta na daban, lasinta yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, ta kuma hana ƙera makami ko harsashi ba tare da izinin hukuma ba. Hankalin mai aiwatar da ita yana kan bindigar da takardarta. Ɗakin da albarushin zai kwana ba ya cikin tambayoyin da aka saba yi. A Amurka, inda sake ɗura kwanson harsashi a gida ya zama abin sha'awa ga mutane da yawa, ƙa'idar kare gobara ta NFPA 495 ta ƙayyade nauyin garin harsashin da za a iya ajiyewa a gidan zama da irin mazubin da za a sa shi, kuma mai gida yana iya hana ɗan haya ta hanyar yarjejeniya. A Kano kuwa yarjejeniyar haya, idan ma an rubuta ta, ba ta cika wuce kuɗi da wa'adi da la'adar dillali ba.

Abin mamaki shi ne, malaman fiƙihu sun daɗe da warware irin wannan mas'ala. A babin ijara sun bayyana cewa wanda ya karɓi hayar gida don zama ba shi da ikon mai da shi maƙera ko wurin bugu sai da yardar mai gida, saboda wuta da girgiza suna cutar da gini. Idan an faɗi haka game da zugazugi da uwar maƙera, waɗanda kowa ke gani yana ji, ina ga abin da ke ɓoye a ƙarƙashin gado? Nan ma yardar mai gida kaɗai ba ta wadatar ba, domin ginin ne nasa, rayukan da ke ciki ba nasa ba ne.

Akwai uzurin da ya cancanci a saurara. Maharbi zai ce an riga an mai da shi abin zargi, kuma yana da hujja: a Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo, suna hanyar komawa Kano yin Sallah, bayan an ga bindigogin toka a motar da suka hau. Mutumin da ya ga haka ba zai yi saurin sanar da maƙwabci abin da ya ajiye ba. Zai kuma ƙara da cewa wannan albarushin dai shi 'yan bindigar Sarki ke harbawa a hawan Sallah jama'a na shewa. Duka biyun gaskiya ne. Shi ya sa samame da kame ba za su magance komai ba, sai dai su ƙara tura kayan can ƙuryar ɗaki.

Abin da zai yi aiki shi ne a maido da tsohon tsarin a sabon wuri. Ƙungiyoyin mafarauta suna da shugabanni, suna da wuraren haɗuwa; su ya kamata su riƙe ma'ajiya a bayan gari, da sanin 'yan sanda da hakimi, inda maharbi zai ajiye kayansa ya karɓa ranar fita. Masu unguwanni, waɗanda dama ake son dillalai su riƙa gabatar musu da sabon ɗan haya, su ƙara wannan cikin tambayoyinsu, a kuma rubuta shi a takardar haya da Hausar da kowa zai gane. Manazarta Hausa su ma suna da nasu kason. An tara kirarin maharba da waƙoƙinsu da magungunansu a kundaye masu yawa, kuma galibi maharbin da ke cikin kundayen yana zaune ne a gidan gadonsa a ƙauye. Ɗansa da ke gadi a Unguwa Uku, yana biyan haya shekara-shekara, yana jiran rani ya fita daji, shi ma yana da amsoshin da zai ba ɗalibin da ya je masa da rikoda.