Kada wanda ya tsorata ku, tsohuwar kwamfutarku ba ta mutu ba



Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, da kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, magana ɗaya ake maimaita wa mutanenmu a nan Legas: kwamfutarka ta tsufa, sayi sabuwa. Wanda ya ce ba shi da hali, sai a ce ya kawo wani abu a ɗora masa Windows da aka fasa makullinsa. Ni kuwa na ce duka shawarwarin biyun cuta ce, kuma bai kamata mu ci gaba da yin shiru ba, alhali akwai hanya ta uku wadda ba a biyan ko sisi: Linux.

Mu fara da gaskiyar lamarin. Windows 11 na buƙatar wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da injin da bai tsufa ba. Da yawa daga cikin tokumbo ɗin da muke saye a Computer Village ko Alaba ba su cika wannan sharaɗi ba, duk da cewa allonsu lafiya, madannansu lafiya. Akwai ƙarin wa'adi da Microsoft ya ba masu amfanin gida, amma a Oktoba 2026 yake ƙarewa. Kwamfutar da ba ta samun gyaran tsaro kuwa gida ne da ƙofarsa ba sakata. A 2017, cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, kuma ta hanyar kwamfutocin da ba a sabunta ba ta shiga.

Windows na sata ya fi wannan muni. Ba ka san wanda ya fasa shi ba, ba ka san abin da ya cusa a ciki ba, amma a kai kake buɗe asusun bankinka, a kai yaronka yake cike takardun makaranta. Sannan mu da muke yi wa 'ya'yanmu huɗubar cin halal, da wane baki za mu kare amfani da kayan da mai shi ya ce a biya, mu kuma muka tsallake katanga?

Linux babbar manhaja ce da ke tafiyar da kwamfuta, kamar yadda Windows yake yi. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991, kuma lasisinta ya ba kowa izinin ya sauke, ya ɗora, ya kwafa wa maƙwabcinsa. Masu cewa araha ba ta ado su duba wayar da ke aljihunsu. In Android ce, a kan Linux aka gina ta. Kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya, tun 2017 dukkansu da Linux suke aiki. Abin da ya ɗauki wannan nauyi, buga wasiƙar ƙungiya ne zai gagare shi?

Sai masu cewa Linux sai gwanaye, sai mai iya rubuta umarni a baƙin allo. Wannan tsohon labari ne. Amma a nan ina da magana da matasanmu, domin su ma sun taimaka wajen ɓata sunan. Yaro bai iya ajiye takarda a kwamfuta ba, sai ya ɗora Kali Linux wai zai zama ɗan kutse. Bayan kwana uku komai ya rikice, ya fito yana cewa Linux ba ta da kyau. Kali an yi ta ne don ƙwararrun masu binciken tsaro, kuma masu ita da kansu ba su ba ɗan koyo shawarar ya fara da ita ba. Wanda bai iya keke ba, ba a ba shi tirela.

Ɗan koyo ya fara da Linux Mint. Fuskarta ta yi kama da Windows ɗin da aka saba: jerin manhajoji a ƙasa ta hagu, agogo ta dama. Ram 2GB da wurin ajiya 20GB sun isa ta tashi, kodayake da 4GB an fi jin daɗinta. In kwamfutar ta yi rauni sosai, a ɗauki nau'inta mai suna Xfce. Mint 22 za ta ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029.

Matakan ba su da yawa. Da farko ka kwafe hotunanka da takardunka zuwa wani wuri, wannan ba a wasa da shi. Ka sauke Mint daga shafinta na asali, kusan 3GB ce, kuma mutum ɗaya in ya sauke ya wadatar da unguwa. Ka zuba ta a filas mai 8GB da manhajar Rufus ko balenaEtcher. Ka kashe kwamfutar, ka kunna kana danna F9 in HP ce, F12 in Dell ce, ka zaɓi filas ɗin. Mint za ta buɗe daga cikin filas ba tare da ta taɓa Windows ɗinka ba. Gwada intanet, gwada sauti, gwada firinta. In ta yi maka ka ɗora, har ma kana iya ajiye su biyun a kwamfuta ɗaya. In ba ta yi ba, zare filas ɗinka, ba ka yi asarar komai ba.

A ciki za ka tarar da Firefox, da LibreOffice mai buɗe takardun Word da Excel. Akwai kuma tsarin madannai na Hausa, wanda za ka buga ƙ da ɗ da ɓ ba tare da wahala ba.

Ba zan ɓoye muku inda take da gibi ba. CorelDraw da Photoshop ba su da nau'in Linux. Akwai Inkscape da GIMP, amma sai an sake koyo, kuma mai shagon ɗab'i da abincinsa ke kan Corel kada ya yi gaggawa. Wasu firintocin ma sukan ba da wuya, shi ya sa na ce a gwada tukuna. To amma mu nawa ne masu shagon ɗab'i? Yawancinmu rubutu ne, da lissafin kasuwa, da karatun yara.

Don haka ina kira ga shugabanninmu: kafin a taɓa kuɗin gudunmawar mambobi wajen sayen sababbin kwamfutoci, a fito da tsofaffin da ke kwance, a gwada musu Mint. A ware wata Lahadi bayan Azahar, matasa biyu ko uku da suka iya su zo da filas, kowa ya kawo tasa. Kuɗin da aka tsira da shi, akwai marayun da ke jiran kuɗin makaranta.

Mai ganin na yi kuskure, ya zo ranar da kwamfutarsa mu gwada a gaban kowa. Allah Ya sa mu dace.