Hirar layin awo: Abin da matan Gidan Dare ke faɗa wa juna kan haihuwa a asibiti

Ranar awo, tun kafin malaman asibiti su fara kiran suna, akan iske mata jere a kan benci, kowace riƙe da katinta, ana ta hira ƙasa-ƙasa. Haka ma ranar suna a cikin gida, bayan maza sun shafa fatiha sun watse. Zancen bai cika wuce abu guda ba: a ina wance ta haihu, yaya aka karɓe ta, nawa aka kashe, wace ce ke bakin aiki a daren. A Gidan Dare da ke birnin Sakkwato, kamar sauran unguwannin birnin, a irin wannan zama ne mai juna biyu kan tsayar da ranta a kan inda za ta haihu, tun kafin maigida ya sa baki, tun kafin wata sanarwar gwamnati ta iso kunnenta ta rediyo.

Wannan hira ba ta shiga kundin Ma'aikatar Lafiya, amma tana da hannu dumu-dumu a alƙaluman da ma'aikatar ke kuka da su. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 39 cikin 100 na haihuwa a Najeriya ne ake yi a asibiti, a Jihar Sakkwato kuwa abin bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mata kusan 75,000 ne suka rasu a Najeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan rashi a duk duniya. A lissafinta, mata 993 ne ke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000, alhali muradin da ƙasashen duniya suka sa wa hannu shi ne a sauko ƙasa da 70 kafin 2030.

An saba ɗora laifin a kan nisa da rashin hanya, kuma a ƙauyukan Isa ko Sabon Birni, inda matsalar tsaro ta hana tafiyar dare, hujjar tana da ƙarfi. A Gidan Dare ba ta da shi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Asibitin Ƙwararru, da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha duk a cikin birnin suke, ban da ƙananan asibitocin shan magani da masu zaman kansu. Keke Napep zai kai mace kowane daga cikinsu. Duk da haka, ba baƙon abu ba ne a ga matar da ta yi awo wata da watanni, ta sha magungunan ƙarin jini, aka yi mata hoton ciki, amma ranar da naƙuda ta zo sai ta rufe ƙofar ɗakinta, a kira tsohuwar ungozoma bayan an ji kukan jariri don ta yanke cibi. Wadda ta yarda da asibiti a wurin awo, ta kuma guje shi ranar haihuwa, ba za a ce jahilci ne ya hana ta ba. Wani abu ta ji, ko ta gani.

A 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka karkasa abin da ke kashe mata wajen haihuwa zuwa jinkiri iri uku: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Masu tsara manufofi sun fi son magana a kan na farko, domin shi ne laifinsa ke kan talaka, kuma maganinsa wayar da kai, wanda ba ya cin kuɗi sosai. Hirar layin awo tana nuna cewa na ukun ne ke ciyar da na farkon. Matar da ta shafe awa biyu a baranda tana murƙususu kafin a duba ta, za ta ba da labarin a gidan suna, kuma mata goma da suka ji za su jinkirta fita idan tasu ta zo.

Abin da aka fi maimaitawa a hirar shi ne baki. Tsawa, gori, da tambayar nan ta cin fuska da ake jefa wa mai naƙuda, wadda ke tuna mata yadda aka yi ta samu cikin. A al'adar da ta ɗauki dauriya a matsayin ado ga mace, inda mai haihuwar fari ke jin kunyar a ji ko nishinta, tozarci a gaban baƙin ido ya fi zafin naƙuda daɗewa a zuciya. Abin ba a Sakkwato kaɗai ya tsaya ba, kuma ba ƙirƙirar mata ba ce. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sanarwa ta musamman kan wulaƙanta mata a ɗakunan haihuwa. A 2019 mujallar Lancet ta wallafa binciken da aka yi a Najeriya da Ghana da Gini da Myanmar, inda fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan da aka tambaya suka ce an muzanta musu da baki ko da hannu, ko an nuna musu wariya. Binciken ya gano cewa ƙananan mata da waɗanda ba su yi karatu mai zurfi ba ne abin ya fi faɗa wa, wato dai waɗanda suka fi buƙatar a lallashe su su dawo.

Sai batun sutura. Gado kusa da gado babu labule, ɗalibai na shiga da fita, wani lokaci likita namiji ne kaɗai ke nan. Uwa ko yaya da ta rako mai naƙuda akan tsayar da ita a waje, sai dai a leƙo a miƙa mata takardar sayen magani. Tun 2018 ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya suka ba da shawarar a bar mace ta shiga da wadda ta zaɓa ta zauna kusa da ita har ta sauka. A garin da mace kan koma gidan iyayenta goyon ciki musamman don ta haihu a gaban mahaifiyarta, wannan shawara ta fi dacewa da al'ada fiye da dokar da ke korar uwa daga bakin ƙofa.

Adalci ne a juya a dubi ɗaya ɓangaren. Ungozomar da ke aikin dare ita kaɗai, ko su biyu, da mata da yawa a kan gwiwa, ga wuta ta ɗauke ana haska fitilar waya, ga albashin da hauhawar farashi ta cinye, ba za a rasa gajiya a muryarta ba. Takwarorinta da dama sun tafi Saudiyya ko Ingila, wasu sun koma ƙungiyoyin agaji. Sau da yawa kuma akan kawo mata mace bayan kwana biyu ana fama a gida, an sha rubutu da jiƙe-jiƙe, jini ya riga ya ƙare, idan ta cika a ce asibiti ya kashe ta. Matan ma sun san haka, shi ya sa a hirar tasu sunan ma'aikaciya mai kirki kan zagaya unguwa kamar na mai maganin gargajiya, har wata ta yi addu'ar Allah Ya sa naƙudarta ta faɗo ranar aikinta. Sai dai tsarin da rai ke dogara da sa'ar wanda aka tarar a bakin aiki, akwai gyara a cikinsa. Ƙarancin ma'aikata yana bayyana dalilin jinkiri, amma bai zama uzurin mari ba.

Ga 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, inda abin ya fi tsaya musu a wuya shi ne kuɗi. Tun a awo ake bai wa mace jerin kayan haihuwa: safar hannu, auduga, leda, sabulu, ruwan wanke ƙasa, zannuwa. Wannan mai sauƙi ne, ana iya tara shi a hankali. Abin tsoro shi ne a ce sai an yi aiki, ko a ce a kawo jini leda biyu da ƙarfe biyun dare, maigida ya shiga buga waya yana neman 'yan uwa masu irin jininta, kuɗin gwaji kuma na jiransa. Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai na asibiti ya ƙara tsada, har kuɗin zuwa awon kansa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba. Magidanta ƙalilan ne suka san da wannan sashe, wanda ya sani ɗin ma ba ya da bakin gardama alhali matarsa na zubar da jini.

A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da cewa za a riƙa yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta, ƙarƙashin wani shiri da ya mayar da hankali kan ƙananan hukumomi 172 da ke da fiye da rabin mace-macen mata masu haihuwa a ƙasar. Manufa ce mai kyau, kuma ta taɓa ainihin ciwon. Amma kalmar kyauta ta sha wahala a bakin gwamnatoci, har mata sun koyi tambayar abin da ke cikinta: ta haɗa da jini, da magungunan bayan aiki, da kuɗin gado? Wa ke tantance marar ƙarfi, kuma a wane asibiti? Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa da takwararta ta jiha, SOCHEMA, su ne ya kamata su manna amsoshin nan da Hausa, da boko da ajami, a bangon kowane ɗakin awo. Muddin ba a yi haka ba, labarin mace guda da aka ce kyauta ne amma mijinta ya sayar da babur, zai rinjayi kowace sanarwa.

Ba duk abin da ke yawo a hirar ne alheri ba. A nan ne ake tsoratar da mata cewa wadda aka yi wa aiki raguwa ce, ko ba za ta ƙara haihuwa da yawa ba, har wata ta gudu daga gadon asibiti da jin an ambaci tiyata. A nan ake ba da sunan mai kemis da ke zuwa gida ya yi allurar naƙuda, allurar da idan aka yi ta ba bisa ƙa'ida ba tana iya fasa mahaifa. A nan ake ɗaukar kumburin ƙafa da ciwon kai a matsayin laulayi, alhali suna iya zama alamun hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga. Doguwar naƙudar da ake yabon mace da daure mata ita ce ke cika ɗakin masu yoyon fitsari a Asibitin Maryam Abacha. Ji-ta-ji-ta irin wannan tana samun gindin zama ne a inda ma'aikaciya ba ta da minti biyar na yi wa mace bayanin abin da za a yi mata da dalilinsa.

Abin takaicin shi ne ilimin ceton ran yana nan, wani ma a Arewa aka tabbatar da shi. A 2023 aka wallafa sakamakon gwajin E-MOTIVE da aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata fiye da 200,000, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mace don a ga yawan jinin da ta zubar maimakon a yi kirdado, sannan a haɗa mata magunguna da matakan tsayar da jini a lokaci guda. Hakan ya rage mummunar zubar jini da illolinta da kashi 60 cikin 100. Amma ledar ba ta amfanar wadda ta haihu a bayan ƙofa.

Gwamnatin Sakkwato, kamar sauran, tana auna nasara da yawan gine-ginen da aka gyara da gadajen da aka saya. Akwai ma'aunin da ya fi wannan araha: a kowane asibiti a kwatanta yawan matan da suka yi rajistar awo da yawan waɗanda suka dawo suka haihu a wurin, a riƙa bayyana shi duk wata uku. Inda giɓin ya yi faɗi, a aika wadda ba ma'aikaciyar wurin ba ta bi masu jego gida bayan suna, ta tambaye su abin da ya hana su dawowa. Lambobin wayarsu ko na mazajensu suna nan a katin awo.