Kafin a nemi lilo, a dubi ƙasar da yaro yake wasa a kanta

Idan aka ambaci filin wasan yara, abin da kan faɗo wa mutane a rai shi ne lilo da abin sulɓi da ciyawa shar, irin na Millennium Park da aka buɗe a Abuja a 2003, ko Gidan Zoo na Kano inda ake kai yara yawon sallah. Uba a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun yakan ji labarin waɗannan wurare ya ce ai mu nan ba mu da filin wasa. Ni ban yarda da wannan magana ba. Muna da dandali tun kafin zuwan lilon ƙarfe, a can ake langa da kokawa, 'yan mata na gaɗa da carafke. Abin da muka rasa shi ne tantancewa. A ganina, a yankinmu abu uku ake auna filin wasa da su kafin komai: ƙasar da ke wurin, ruwan da ke kusa da shi, da idon babba.

Na fara da ƙasa saboda Zamfara ta sha ɗacin wannan darasi. A 2010 aka gano cewa yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya kuma Bagega. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne, domin amai da ciwon ciki da jijjiga sun yi kama da nasa. Ashe gubar dalma ce. Ana kawo duwatsun zinariya cikin gida, a daka, a niƙa, a shanya a tsakar gida, ƙurar ta zauna a ƙasar da yaro ke rarrafe. An kiyasta cewa yara kimanin 400 suka rasu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa dubbai magani, amma ba a iya ci gaba da maganin yadda ya kamata ba sai da aka kankare saman ƙasar gidajen aka zuba sabuwa. Dalilin a fili yake ga duk mai harhaɗa magani: maganin succimer yana kamo dalma daga jini ya fitar da ita ta fitsari, to idan yaro ya koma kan ƙasar da ta sa masa cutar, an yi ɗiban ruwa da rariya ke nan.

Waɗancan ƙauyuka ba su da nisa da mu, kuma haƙar zinariya ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Jikin ƙaramin yaro yana tsotsar dalma ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, ga shi hannunsa ba ya rabo da baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa. Abin tsoron ma shi ne yaron da bai yi jijjiga ba, bai kwanta ba, sai dai a ga ya zama mai jinkirin fahimta a makaranta, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne. Saboda haka duk filin da aka taɓa niƙa ko wanke dutsen ma'adini a kansa, ko wanda ke maƙwabtaka da masu fasa tsofaffin batiran mota, ba wurin wasa ba ne, ko da an kafa masa lilo goma.

Sai ruwa. Madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato ita ce ta ba mu shinkafa da tumatir da albasa a lokacin rani, kuma magudanan ruwanta sun ratsa gonakin waɗannan ƙananan hukumomi uku. Amma ga yaro ɗan shekara tara a tsakiyar watan Afrilu, magudanar nan ba kayan noma ba ce, wurin iyo ce. Ba na ganin laifinsa, zafin bazara ba ya barin kowa. Sai dai a irin wannan ruwa mai tafiya a hankali ne katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya take zama. Ƙwayar ba sai an sha ruwan take shiga ba, ta fata take ratsawa yayin wanka. Bayan makonni sai a ga jini a ƙarshen fitsari. Har yanzu akwai masu ɗaukar wannan jini alamar balaga ga ɗa namiji. Ba haka ba ne, rauni ne a mafitsara, wanda idan ya daɗe yakan jawo ƙarancin jini da lalacewar ƙoda, a 'ya mace kuma ya taɓa mahaifa.

Maganinta praziquantel ne, ana ba da miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin yaro, sau ɗaya, bayan ya ci abinci, shi ya sa ba ma son a sayi ƙwayar a kasuwa a ba yaro da ka. Yana aiki sosai, amma ba ya hana sake kamuwa. Yaron da ya sha yau ya koma ruwa jibi, badi ma zai dawo mana. Wannan ban da haɗarin nutsewa, domin gefen magudanar siminti yana da santsi, wanda ya zame da wuya ya hau da kansa.

Na san abin da iyaye da yawa za su ce: to a kulle su a gida mana, a huta. Tun bayan sace ɗalibai mata 279 a Jangebe a watan Fabrairun 2021, babu wanda zai zargi uwa don ta hana ɗanta nisa da ƙofar gida. Tsoron na gaskiya ne. Amma kulle ma yana da nasa kuɗin da ake biya. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa gumi kowace rana, 'yan shekara 1 zuwa 4 kuwa minti 180 na kai-komo a yini. Ɗaki da wayar hannu ba za su ba da wannan ba. Kuma yaron da aka hana filin da ake ganinsa, yakan sulale ya tafi wanda ba a ganinsa, wato bakin ruwa.

To ina ne ya fi? A nawa ra'ayin, filin makarantar firamare da ke cikin gari, mai katanga da inuwar darbejiya, shi ne mafi kyawun filin wasa da muke da shi. An san tarihin ƙasarsa, yana nesa da magudana, ƙofarsa ɗaya ce. Abin takaici shi ne da zarar an tashi daga makaranta sai a garƙame shi, ko a bar shi ga awaki da masu zubar da shara, yara kuma su koma buga ƙwallo a bakin titi tsakanin babura.

Gyaransa ba ya buƙatar kwangilar miliyoyi. A tsince ƙusoshi da fasassun kwalabe, a hana dabbobi shiga, domin ƙwayar tetanas a ƙasa da kashin dabbobi take zama. A cike ramukan da ruwa ke kwanciya da damina. In an samu lilo, a zuba yashi mai kauri a ƙarƙashinsa, kada a yi masa daɓen siminti, kuma a kafa shi a inuwa, don ƙarfen da ya sha rana yana ƙona fata. A ajiye randa da sabulu a bakin ƙofa, kowa ya wanke hannu kafin ya tafi gida cin tuwo. Idan yaro ya ji ciwo, ruwa mai tsabta da sabulu ake fara sa wa, ban da man birki ko toka, sannan a duba katin rigakafinsa a ga ko ya samu alluran mako 6 da 10 da 14.

Saura batun makulli. Kwamitin iyaye da malamai tare da mai unguwa su ne ya kamata su zauna su yanke shawara: a buɗe filin daga bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi kuma an taso daga Islamiyya, a rufe kafin kiran sallar magariba, tun sauro bai fito ba. A sa dattijo ɗaya ko biyu bisa karɓa-karɓa su zauna a bakin ƙofa, waɗanda suka san ɗan wane ne wannan, 'yar wace ce waccan. Kuma a ware wa 'yan mata kusurwarsu, domin in ba a yi haka ba, masu ƙwallo za su cinye filin gaba ɗaya.