Don Allah a daina fasa wa yara bororo

1/ Ranar Sallah sabon takalmi ya goge wa ɗana dunduniya har ta ɗuri ruwa. Kafin in dawo gida yayata ta fasa da reza, ta barbaɗa toka. Kwana 3 sai ga mugunya, yaro ya kasa taka ƙafa, muka ƙare a asibiti.

2/ Ni dai a ganina fasawar nan ce matsalar. Fatar da ta tashi ita ke kare wajen daga ƙwayoyin cuta, ruwan kuma jiki ke shanye shi, yawanci cikin mako guda.

3/ A wanke da sabulu, a busar, a rufe da filasta. In ya fashe da kansa, kar a ɓare fatar. Ba toka, ba man goge baki.

4/ Takalmin a ajiye shi tukuna, ko nawa aka saya. Silifa ta isa.

5/ In an ga mugunya, kumburi ko zazzaɓi, a tafi asibiti. Mai sikila ko ciwon suga kuwa kar ma a jira.

6/ Yaya ta ce haka aka yi mana muna yara. Na ce Yaya, Allah ne dai ya kiyaye.