Randrandra Ake Cewa

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, na san yawancinmu in an ce wasa, ƙwallon ƙafa ne yake zo mana a rai. Ni kuwa akwai wani wasa da ya kama ni ƙwarai, wato zari-ruga, irin wanda ake yi da mutum 13 a kowane ɓangare. A arewacin Ingila aka fara shi a 1895, amma yanzu a Ostareliya ya fi ƙarfi. Ƙwallonsa siffar ƙwai gare shi. Da hannu ake rungumarsa a ruga, kuma ba a jefa wa abokin wasa shi gaba, sai baya ko gefe. Wanda ya ƙetare layin abokan karawa ya dangwala shi ƙasa ya ci maki 4.

Yayana ne ya fara nuna mini wasan a wayarsa lokacin hutu. A cikin tsofaffin wasannin da muka kalla na ga wani ɗan ƙasar Fiji da ake kira Semi Radradra. A gefen fili yake tsayawa, aikinsa ya jira ƙwallo ya iso gare shi, ya bi bakin layi a guje. A tsibirin Taveuni ya tashi. Ya fara buga wa ƙungiyar Parramatta ta birnin Sidni a babbar gasa a 2013. A 2015 ya ci sau 24, ba wanda ya kai shi a gasar a shekarar. Ƙato ne, ga gudu kamar barewa. In mutum biyu sun rataye shi, sai ya kakkaɓe su ya wuce. Saboda haka 'yan kallo suka yi masa laƙabi da tirela. A 2017 ya tafi Faransa ya koma zari-ruga na mutum 15, kuma a 2021 yana cikin 'yan Fiji da suka ci lambar zinariya a wasannin Olamfik na Tokyo.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na yi kusan shekara guda ina kiran wannan gwani nawa Radaradara. Haka na ga an rubuta, haka nake faɗa wa abokaina ina alfahari. Ran nan na kasa kunne, sai na ji mai ba da labarin wasan yana cewa Randrandra. Na ce wa yayana Baturen nan bai iya karatu ba, ina ya ga harafin n? Yayana ya yi dariya, ya ce in je in bincika. Da na bincika, ashe ni ne ban iya ba. Kunya ta kama ni.

Ga dalili. A 1835 wasu Turawan mishan biyu, David Cargill da William Cross, suka sauka tsibirin Lakeba, suka shiga aikin rubuta harshen Fiji da baƙaƙen boko. Tsarin da aka tsaya a kai shi ne a ba kowane sauti harafi guda. A harshen Fiji, sautin d kullum da n yake tafe a gabansa, b kuma da m. Tun da ba sa rabuwa, sai aka ga ba amfanin rubuta biyun. Don haka d nd ne, b mb ne, q kuwa ng ne kamar na kalmar bango. Garin da suke rubutawa Nadi, inda babban filin jirgin samansu yake, Nandi ake cewa. Lakeba kuma Lakemba. Lote Tuqiri, wani shahararren ɗan gefe da ya buga wa Brisbane, Tungiri ne. Noa Nadruku na ƙungiyar Canberra, Nandruku ne. Harafin c nasu kuwa kamar zal na Larabci yake, ana sa kan harshe tsakanin haƙora.

Da na gane haka, sai na tuna da namu. Mu ma c ɗinmu dabam yake da na Bature. Baƙo ya ga Ciroma a rubuce sai ya ce Siroma ko Kiroma, mu yi ta dariya. Ya ga Ɗanjuma ya share ƙugiyar. Kowa a nan ya san yadda ransa yake sosuwa in aka karkatar da sunansa a wajen kiran suna, ajin kuma ya kwashe da shewa. Abin da ba ka so a yi maka, don me za ka yi wa wani?

Ra'ayina shi ne, duk wanda ya ce yana son ɗan wasa, to ya fara da koyon sunansa. Sunan nan iyayensa suka ba shi tun ba wanda ya san zai yi fice. Idan ya ci, mutanen ƙauyensu suna sauraro, sunan gidansu suke so su ji. Tafi da ihu ba su da wuya, kowa yana iyawa. Amma ka tsaya ka gyara harshenka saboda wani, wannan shi ne girmamawa.

Wani zai ce ai harshe ne ba ya juyuwa, kuma laƙabi ma ƙauna ce. Gaskiya ne, ni ma ina son laƙabin tirela. Kuskure kuma ba laifi ba ne ga wanda bai sani ba. Laifin yana ga wanda aka gyara masa ya ce ba ruwansa. Mu da muke haddace sunayen 'yan ƙwallon Sifen da Faransa har da lambar rigunansu, ba mu da hujjar cewa Randrandra ya fi ƙarfinmu.

Ba sai mun je Fiji ba ma. A makarantar nan akwai 'yan'uwanmu daga wasu sassan ƙasa waɗanda muka gutsure sunayensu, ko muka manna musu wani dabam, don kawai muna ƙyuyar tambaya. Sun yi shiru ne, amma shiru ba yarda ba ce. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Gobe in ka haɗu da irin wannan ɗan'uwa, ka tambaye shi yadda ake kiransa a gidansu, ka maimaita har ya ce ka yi daidai. Ni na gwada a kan wani ɗan ajinmu. Sau huɗu na faɗa kafin in dace, muka yi dariya tare, yanzu kuwa ba ni da aboki kamarsa.