Ra'ayinmu: Ba kowane tangaran ne ake saidawa da ka ba

In aka ce tangaran ko yumɓu, hankalin mai karatu yana zuwa ga tulunan Mirriya da tukwanen Bubon, ko farantan da uwa ke jera wa ɗiyarta a ɗakin aure. To akwai wani tangaran ɗin da ya cika shagunanmu daga Katako ta Yamai zuwa kasuwar Dole ta Damagaram, da yawa daga cikinmu muna saida shi ba mu san sunansa ba. Shi ne farin da ke jikin bujin babur ɗin ɗan kabu-kabu, shi ne tsakuwar da ke cikin faifan yankan ƙarfe na masu walda, da shi kuma ake yin tukunyar da maƙeran zinariya ke narka ƙarfe a ciki.

Wannan tangaran ba daga laka ta bakin tabki ake gina shi ba. Gari ne tatacce ake matsewa a gasa da wuta mai tsananin zafi. Ɗaya daga ciki shi ne alumina, wanda ake fiddawa daga dutsen boksit, kuma ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 2000, alhali ƙarfen gini yana narkewa wajen digiri 1500. Wani kuma karborandom ne, wanda Ba'amurke Edward Acheson ya samo a 1891, ana yin shi da yashi da gawayin kwal a murhun lantarki. A manyan masana'antu, da ƙananan haƙora na irin wannan tangaran ake sassaƙe baƙin ƙarfe da gudun da haƙorin ƙarfe ba zai jure ba. Amma duk taurinsa yana da hali guda da tulu: ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi.

Nan ne maganar ta shafe mu. Faifan yankan ƙarfe tsakuwar tangaran ce aka haɗa da wani ƙaro da zaren gilashi. Tsakuwar ba ta lalacewa, ƙaron ne ke tsufa, zafi da danshi suna cin shi. Shi ya sa kamfanonin da ke bin ƙa'idar Turai suke buga wata da shekara a zoben ƙarfen da ke tsakiyar faifan, yawanci shekara 3 daga lokacin da aka yi shi. Ɗan kasuwa nawa ne cikinmu ya taɓa duba wannan zobe? Muna jibge kwalaye ƙarƙashin rufin kwano a watan Afirilu, damina ta zo ta same su a ƙasa, sannan mu miƙa wa yaron gareji. Bakin faifan nan yana juyawa har mita 80 a daƙiƙa, wato kusan kilomita 290 a awa. Faifai mai faɗin milimita 230 bai kamata ya wuce juyi 6,600 a minti ba, an rubuta a jikinsa. In ya fashe a wannan gudu, fuskar mai aiki ce kusa, kuma sau da yawa an cire marfin injin, babu tabarau.

Haka kuma harafin da ke jiki ba ado ba ne. A na nufin alumina, na ƙarfe. C na nufin karborandom, na dutse da siminti. Mai shago da ya ba magini na ƙarfe don shi ne ya rage masa, ya ci kuɗin mutum a banza.

Mata ƴan kasuwa su ma abin ya iso tirensu. Farar wuƙar nan ta zirkoniya, wadda kamfanin Kyocera na Japan ya fara saidawa a 1984, yanzu ana kawo masu kama da ita da araha. Tana daɗewa da kaifi a kan tumatir da albasa, ba ta tsatsa. Amma ƙashi ko daskararren kifi yana ɓantare ta, kuma dutsen wasa na gida ba ya wasa ta. In ba a gaya wa mai saye haka ba, gobe za ta dawo da guntu a hannu, a yi ta cacar baki a gaban jama'a.

Ba mu ce a bar kayan araha ba, mun san halin da aljihu ke ciki. Abin da muke kira shi ne manyan ƴan kasuwa masu shigo da kaya su ƙi karɓar faifan da ba shi da kwanan wata da iyakar gudu, masu shago su ɗaga kwalaye daga ƙasa su fara saida tsofaffin da lokacinsu bai wuce ba, wanda ya wuce kuma a karya shi a zubar. Ma'aikatan duwan da hukumar kula da ingancin kaya, in sun buɗe kwali, su duba zoben nan kamar yadda suke duba kwanan watan gwangwanin madara.