Gwado ba ya haɗa kansa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, hunturu in ya taso daga arewa, mutanen bakin iyaka su ya kan fara gaisarwa. Wanda ya taɓa kwana a Kwangwalam ta ƙasar Daura, inda hanyar mota ta ke ƙetarawa zuwa Matamaye da Damagaram, ya san sanyin asubar wurin ba ya jin lallashi. A wannan lokaci ne kowane maigida ya kan tuna da abin rufa. Galibin jama'a yanzu kasuwar Mai'aduwa su kan nufa ran Lahadi, su ɗauko bargon kanti ko na gwanjo. Ba laifi ba ne. Amma akwai abin da ke salwanta a cikin wannan sauƙi, ya kuwa kamata malamai da attajirai su dube shi tun bai ƙare ba.

Gwado da luru, watau manyan mayafan auduga na saƙar hannu, ba aikin mutum guda ba ne. Tsohuwa ita ke gurza auduga ta fid da angurya, ta shiɓe ta, ta kaɗa zare a mazari. Masaƙi ya yi wadari, ya zauna da ƙoshiya da allera, ya fid da ƙwarya mai tsawo, faɗinta kuwa daga yatsa huɗu zuwa taƙi guda. Duk wannan wahala ba ta rufa kowa ba tukuna. Sai an yanka ƙwaryar nan daidai da tsawon gado, an jera, an ɗinke baki da baki, an tufke geza, kana ya amsa sunan gwado.

To, a nan ne aiki ya kan tsaya, gama haɗin ƙarshe ya fi son mutum biyu. Ɗaya ya riƙe, ɗaya ya ɗinka. In aka ja wata ƙwarya fiye da 'yar'uwarta, mayafin ya karkace, ba ya kwanta bisa gado ba har ya tsufa. In luru ne mai ado, tilas zanen wannan ƙwarya ya gamu da na waccan, ba kuwa zai gamu ba sai da ido biyu a sama da biyu a ƙasa. Saboda haka uba ya kan kira ɗansa, kaka ta kan kira jikanyarta. Yaron da ya riƙe bakin gwado bana, baɗi shi ke da allura. Babu makarantar da a ke koyar da wannan face tabarmar zaure. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Masu karatun ajami sun sani, tsakanin gadon kwana da gadon iyaye alif guda ne tak. Gidan da ya bar haɗa mayafinsa bai yi hasarar mayafi kaɗai ba, ya yanke hanyar da sani ke bi daga babba zuwa yaro. Bargo in ya yage a sayi wani. Amma tsohon da ya rasu da iyawarsa, babu kasuwar da za a fanso ta.

Kada wani ya ce wannan ƙaramar magana ce. Sa'ad da Bature Barth ya shiga Kano a 1851, abin da ya fi yabawa a arzikin ƙasar shi ne saƙa da rini, ya kuma ba da labarin tufafinta suna kaiwa Tambutu da Gat da Tarabulus. Daga baya jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yadin Turawa ya yawaita. A 1957 aka buɗe babbar masaƙar injin ta Kaduna, mutane suka ce an huta da ƙoshiya. Ba a cika shekara hamsin ba ita ma ta rufe. Aka wayi gari ƙasar da ta tufatar da Sahara tana jiran dila daga ƙetaren teku. Da an riƙe na hannu tare da na inji, da ba a zauna babu tsuntsu babu tarko ba.

Masu cewa saƙar hannu ta yi tsada, gaskiyarsu ce ta wani wajen. Amma a auna da kyau. Gwadon auduga mai kauri ya kan jure wanki shekara da shekaru, in wata ƙwarya ta mutu a farke ta a sa sabuwa. Bargon zaren roba kuwa, in garwashi ya taɓa shi narkewa ya ke yi, ga shi ɗakunan hunturu ba su rabuwa da kaskon wuta. Sa'an nan kuɗin gwado ba ya fita gari: manomi ya ci, mai kaɗi ta ci, marini ya ci, masaƙi ya ci.

Malamai su ne farkon waɗanda nauyin ya hau. Ya zo cikin littattafai Annabi Idrisu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ya fara ɗinki da allura, Annabi Dawuda kuwa daga aikin hannunsa ya ke ci. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yarda da shi, an san shi da tufkar igiya. Tun da can allo da allura tare su ke tafiya a tsangaya. Almajirin da ke kwana cikin sanyi, in malaminsa ya zaunar da shi ya haɗa ƙwarya tsakanin walaha da azahar, ya sami abin rufa bana, ya kuma sami sana'ar da za ta tsare masa mutunci bayan sauka. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Attajirai kuma, masu wucewa da kaya ta Kwangwalam dare da rana, su ba masaƙa zare da kuɗin aiki tun kaka, su karɓi gwado kafin sanyi ya sauka, su biya ba tare da tauyewa ba. Mai aurar da 'ya ya sa luru guda cikin kayan ɗakinta. Mai neman lada ya yi sadaka da gwado ga makarantar unguwarsu. Masaƙi ba zai sa ɗansa a kan abin da ba a saye ba.

Duk gidan da ke da ragowar ƙwarya naɗe cikin adaka, kada a jira wata shekara. A fid da ita, a shimfiɗa tabarma, a kira yaro ya riƙe, tun mai nuna masa yana da ido. Allah Ya rufa asirin Musulmi duniya da lahira, amin. Haza wasalam.